Malamin Gona Na Kowa Ne

Yau ina so mu ɗan leƙa gona. Na san wata za ta ce, ina ruwan filin mata da noma? To, dubi gidanku. Wa ke kiwon awaki da kaji? Wa ke ɓarar gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli? Wa ke tsaron wake kada ƙwari su cinye shi kafin bazara? Mu ne. Amma in malamin gona ya zo gari, a ƙofar gidan dagaci yake zama da maza, ya gama bayaninsa ya hau babur ya tafi. Irin wannan wariya ba a kanmu aka fara ta ba. Bari in ba ku labarin Amurka.

A shekarar 1914 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta kafa aikin malaman gona, watau a tura masu ilmi gunduma-gunduma su koya wa manoma sababbin dabaru. Tun kafin nan, a 1906, an naɗa wani baƙar fata mai suna Thomas Campbell na makarantar Tuskegee a jihar Alabama, yana zaga ƙauyuka da keken doki cike da kayan koyarwa. Amma a jihohin kudu sai aka raba aikin gida biyu, na farare dabam, na baƙaƙe dabam. Malaman baƙaƙe ba su da yawa, albashinsu kuma bai kai na farare ba. Mata kuwa, yawanci abin da ake koya musu shi ne ɗinki da girki da adana abinci a kwalba, alhali da yawansu da fartanya suke wuni.

A 1964 aka yi babbar dokar 'yancin jama'a. Ta ce duk aikin da ke cin kuɗin gwamnatin tarayya, haram ne ya ware wani saboda launin fatarsa ko asalinsa. Ta kuma hana bambanci tsakanin mace da namiji wajen ɗaukar aiki da biyan albashi. A 1965 hukumar kula da 'yancin jama'a ta binciki ma'aikatar gona, ta tarar ana tauye manoma baƙaƙe ƙwarai. A 1972 kuma aka ƙara wata doka mai hana ware mata a harkar ilmi.

Sai dai yin doka dabam, binta dabam. A jihar Karolina ta Arewa an haɗe ɓangarorin nan biyu a 1965, amma albashin baƙaƙe ya ci gaba da zama ƙasa. Suka kai ƙara a 1971. Sai a 1986, bayan shekara 15, Kotun Ƙoli ta yanke cewa don an fara zalunci kafin doka, wannan ba hujja ba ce ta ci gaba da shi. Haka kuma a 1999 ma'aikatar gona ta yarda ta biya manoma baƙaƙe diyya kan hana su rance, yawancinsu dala 50,000 kowanne. Amma kafin nan ɓarna ta riga ta auku. A 1920 manoma baƙaƙe sun haura 900,000, a ƙidayar 2017 kuwa ba su kai 50,000 ba. Dalilan suna da yawa, amma hana su ilmi da rance na ciki.

To, wace dabara aka yi don a ga ana bin doka? Ni malama ce, abin ya yi mini kama da rajistar aji. Aka umurci kowane ofishi ya riƙa rubuta waɗanda suka halarci taronsa, mata nawa, maza nawa, farare nawa, baƙaƙe nawa, sa'an nan a gwada da yawan mutanen gundumar. In aka ga wasu ba sa zuwa, ba ya isa malami ya ce ai ƙofa a buɗe take. Tilas ya nuna ƙoƙarin da ya yi na gayyato su. Aka kuma sa a manna sanarwa a bango mai bayyana haƙƙin kowa, aka ba wanda aka zalunta kwana 180 ya kai kuka. Ofishin da ya ƙi gyarawa yana iya rasa kuɗinsa.

Mu ma nan muna da abin kamawa. Manyan ayyukan raya noma da aka fara a Funtuwa da Gusau da Gombe wajen 1975 sun fi mai da hankali ga maza. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe sashen mata a irin waɗannan hukumomi na jihohi. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ta nuna wa kowa bambanci don kasancewarsa mace ko namiji. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ƙiyasta a 2011 cewa da mata za su sami taki da iri da ilmi daidai da maza, da amfanin gonarsu ya ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Saboda haka, uwargida, ki yi shawara da maigida, ku haɗu da maƙwabta ku goma ko ashirin, ku aika ofishin gona na ƙaramar hukuma a tambayo ko akwai malamar gona. In babu, ku rubuta takarda ku nema, ku ajiye kwafi da kwanan wata. In ana rabon taki ko iri, ku tabbata an sa sunanki, domin wanda ba ya cikin rajista kamar bai zo ba ne.

Ke kuma 'yar makaranta, ki tuna gidajenmu da yawa an rubuta musu "ba shiga". Namiji ba zai ƙetare zaure ba, ke kuwa da sallama kawai za ki kai har tsakar gida. Kada ki raina darasin noma. Akwai makarantun koyon aikin gona, kamar ta Samaru a Zariya, kuma iyayenki mata suna jiran wadda za ta koya musu maganin ciwon kaji.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin. Sai mun sake saduwa.