Dutsen Tausar Fuska: Abin Da Yake Yi Da Abin Da Ake Jingina Masa

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Instagram ya ci karo da ita: budurwa a gaban madubi, fuska na ta sheƙi da mai, riƙe da wani ɗan falalen dutse kore ko mai ruwan hoda, tana jan sa daga haɓa zuwa gindin kunne. Daga nan sai a jera hotuna biyu, na da da na yanzu, a ce cikin mako biyu kumatu sun zube, muƙamuƙi ya fito, tattarar goshi ta baje. Dutsen ya riga ya iso shagunan kayan kwalliya da hannun masu talla ta WhatsApp, kuma ba zan yi mamaki ba in na gan shi nan gaba kaɗan a cikin akwatin lefe, kusa da turare da man shafawa.

Iri biyu ne suka fi yawo. Akwai falalen, wanda ake fafe shi kamar zuciya ko ƙwayar wake, sunansa gua sha. Akwai kuma mai mariƙi da dutse mulmulalle a kowane kai, babba da ƙarami, wanda ake gangarawa a kan fata kamar taya. Dukansu daga ƙasar Sin suka fito, sai dai tarihinsu ya bambanta, kuma sanin tarihin na farkon zai hana mutum yi wa fuskarsa ɓarna.

A harshen Sinanci, gua na nufin kankara, sha kuma ɗige-ɗigen ja ne da ke fitowa a fata kamar an watsa yashi. Tun asali ba kwalliya ba ce, maganin gida ne. Idan mutum ya kwana da zazzaɓi, ko mura ta kama shi, ko wuyansa ya sage, sai a shafa masa mai a gadon baya, a ɗauki cokalin miya na tangaran ko ƙahon ɓauna da aka goge, a yi ta kankarar bayan da ƙarfi har ya yi jawur. Jan nan jini ne da ya tsattsafo daga ƙananan jijiyoyi ya kwanta a ƙarƙashin fata, yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya washe. Mutanen Biyetnam suna yin irinsa, suna kiran sa cao gio, wato kankare iska. A Indunusiya kerokan ake ce masa, kuma da kuɗin ƙarfe ake yi. Bayan shekarar 1975, lokacin da 'yan gudun hijirar Biyetnam suka kwarara Amurka, an sha samun malaman makaranta da likitoci da suka ga shatin a bayan yara suka ɗauka dukansu ake yi a gida. Wanda ya taɓa ganin bayan mutumin da wanzami ya yi wa ƙaho zai gane yadda baƙo zai tsorata, ko da yake shi gua sha ba a tsaga fata, ba a fitar da jini waje.

To, wannan aikin ne aka aro sunansa da siffar kayan aikinsa aka kai fuska. Amma hannun ya canza gaba ɗaya. Fatar fuska ba ta gadon baya ba ce, balle ta ƙarƙashin ido wadda ta fi ta ko'ina sirantaka. A fuska babu kankara, shafa ce da 'yar dannawa. Duk wadda ta tashi daga gaban madubi da shatin ja a kunci, ta yi wa fuskarta aikin baya.

Shi kuwa mulmulallen, kayan adon fada ne tun zamanin daular Qing. Ana danganta amfani da shi ga Cixi, uwar sarkin nan da ta juya mulkin Sin shekaru da dama har rasuwarta a 1908, kuma gidan tarihin da ke tsohuwar fadar Beijing yana ajiye da irin waɗannan kayan tausa. 'Yan kasuwa suna son wannan labari, don ya fi saurin sayar da kaya.

Me dutsen yake yi a zahiri? Abu na farko, yana motsa ruwan da ya kwanta. Ban da jini, akwai wani farin ruwa da ke ratsa tsokar jiki, likitoci suna kiran sa limf. Ba shi da famfo irin zuciya. Motsin jiki da numfashi ne suke tura shi. Hanyoyinsa suna bi ta kaluluwa, waɗannan 'yan ƙulle-ƙullen da ke gaban kunne da ƙarƙashin muƙamuƙi da gefen wuya, su da kan kumbura idan mutum yana ciwon haƙori ko na maƙogwaro. Daga nan ruwan yake gangarawa ya koma cikin jini ta bayan ƙasusuwan nan biyu da suka gitta a gindin wuya. Idan mutum ya kwana a shimfiɗe, musamman bayan ya ci abu mai gishiri da dare, ko ya yi kuka, ko barcin bai ishe shi ba, ruwan nan yakan taru a fuska. Shi ya sa ake tashi da ido a kumbure. Tausa mai laushi daga tsakiyar fuska zuwa gefe, sannan ƙasa ta wuya, tana taimaka masa ya wuce. Sanyin dutsen kuma yana tsuke jijiyoyin jini na ɗan lokaci. Sakamakon gaskiya ne, ana ganin sa a madubi, amma na sa'o'i ne. Gobe da safe ruwan zai dawo.

Na biyu, yana ƙara gudun jini a wurin da aka taɓa. A 2007 wata mai bincike, Arya Nielsen, tare da abokan aikinta a Jamus sun auna bayan mutum 11 da aka yi wa gua sha irin na gargajiya, suka ga gudun jini a ƙananan jijiyoyin wurin ya ninka sau huɗu a mintunan farko. A 2011 kuma, a birnin Essen, an gwada shi a kan mutum 48 masu daɗaɗɗen ciwon wuya, aka tarar bayan mako guda waɗanda aka kankare sun fi waɗanda aka yi wa gashi samun sauƙi. Amma a lura, duka gwaje-gwajen biyu a jiki aka yi, da hannu mai nauyi, kuma mutanen kaɗan ne. Wani gwajin da ya shafi fuska shi ne na masu bincike a Tokyo ta Japan a 2018: minti biyar na gangara abin tausa a kunci ya ƙara gudun jinin fatar na aƙalla minti goma. Hasken da fuska ke yi bayan tausa ke nan. Minti goma, ba shekara goma ba.

Na uku, wanda ni a ganina ya fi sauran amfani kuma ba a cika tallata shi ba, shi ne sassauta tsoka. Mutane da yawa suna yini da haƙora a datse ba su sani ba, ko suna cizon haƙora cikin barci, ko suna ɗaure gira a gaban waya da kwamfuta. Taɓa gefen muƙamuƙinka yanzu ka cije, za ka ji wata tsoka ta taso kamar dunƙulen goro. Idan aka bi ta kanta da dutse a hankali, takan saki, kuma wasu sukan ji nauyin kai ya ragu. Wannan ba baƙon ilimi ba ne ga al'ummar da ta san tausa da gashi, ta kuma san abin da masu gyaran jiki suke yi wa amare da dilka.

Sauran abin da ake faɗa, yawancinsa zaƙin bakin talla ne. Dutse ba ya narkar da kitsen kumatu ko na ƙarƙashin haɓa. Ba ya sauya ƙashi, don haka mai zagayayyar fuska da ita za ta ci gaba da zama, kuma ban ga laifin hakan ba. Ba ya fitar da wata "guba". Aikin hanta da ƙoda ne wannan. Ba ya haska fata, ba ya warkar da ƙuraje. Hotunan da da na yanzu kuwa, a duba su da kyau: a na farko an sunkuyar da kai cikin duhu, a na biyu an ɗaga haɓa an fuskanci taga. Kowa ya gwada hakan da wayarsa zai sami sabon muƙamuƙi ba tare da ya sayi komai ba.

Ga wadda take son yi duk da haka, kuma babu laifi ta yi, ga yadda ake bi. A wanke hannu da fuska da dutsen. A shafa mai har fatar ta yi santsi, domin jan dutse a busasshiyar fata shi ne babban kuskure, balle a hunturu lokacin da fata ke neman tsagewa da kanta. Ɗigo uku ko huɗu na man da fatar ta saba da shi sun isa. Man kaɗanya da aka narkar a tafin hannu yana yi wa masu busasshiyar fata kyau. Masu maiƙon fuska da yawan ƙuraje su yi hattara da man kwakwa, don yakan toshe ƙofofin fata. A kwantar da dutsen kusan ya manne da fata, kada a tsayar da shi a kan kaifinsa kamar mai fere rogo. A fara da gefen wuya, daga bayan kunne zuwa ƙasa. Sai daga tsakiyar haɓa a bi muƙamuƙi zuwa kunne, daga gefen hanci a ratsa kunci zuwa kunne, daga tsakiyar goshi zuwa gefe. Kowane layi sau uku zuwa biyar, hanya ɗaya, ba kai da komo ba. A ɗaga dutsen a dawo da shi mafari. Ƙarƙashin ido kuwa nauyin dutsen kansa ya wadatar. Gaban wuya, inda maƙogwaro yake da inda ake jin bugun jijiya, a bar shi, ba wurin dannawa ba ne. Duka-duka minti biyar, sau biyu ko uku a mako. In an gama a wanke dutsen da sabulu, a shanya, a ajiye shi inda ƙura ba ta kai. Kuma ba a aron sa, ko tsakanin ya da ƙanwa, kamar yadda ba a aron asuwaki.

Akwai wani abu da yawancin masu bidiyon nan ba sa faɗa, domin fatarsu ba irin tamu ba ce. Baƙar fata tana da saurin yin tabo. Duk inda ta ji rauni ko ta kumbura, ƙwayoyin da ke ba ta launi sukan ƙara aiki, sai wurin ya yi duhu, kuma duhun yakan ɗauki watanni kafin ya baje. Kowa ya san baƙin ɗigon da ƙurji ɗaya ke bari a kunci. Ga shi kuma ja ba ya saurin nunawa a fatarmu, don haka gargaɗin da farar mace take gani a madubi ta sassauta hannu, mu ba lallai mu gan shi ba sai aikin gama ya gama. Ma'auninmu shi ne ji: da zarar an ji zafi ko raɗaɗi, hannu ya yi nauyi.

Abin ya fi tsanani ga wadda ta daɗe tana shafa man bilicin. Da yawa daga cikin mayukan nan suna ɗauke da magunguna masu ƙarfi irin su kulobetasol da haidirokwinon, wasu har da makuri, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Nau'in kulobetasol yana sirantar da fata har jijiyoyi su riƙa bayyana kamar zare. Irin wannan fata ko ƙaramar gogayya tana iya sa jini ya kwanta a ƙarƙashinta, ko ta saɓule. Mai wannan hali likitan fata take buƙata kafin dutse. Haka mai ƙuraje masu ruwa ko mugunya, mai makero ko wani ciwon fata da ke tashe, mai sabon rauni ko ƙuna, da mai shan maganin tsinka jini irin warfarin. Wadda aka yi wa allurar cika fuska ko ta Botox kwanan nan ita ma ta tambayi wanda ya yi mata kafin ta taɓa wurin.

Sai batun saye. Dutsen da Sinawa suka ɗaukaka shekaru dubbai shi ne wanda suke kira yu, Turawa kuma jed. Iri biyu ne: ɗaya an san shi da yankin Hotan a yammacin Sin, ɗayan kuma mafi yawansa daga arewacin Myanmar ake haƙo shi, kuma mai kyansa ba abin arha ba ne. Saboda haka koren dutsen da aka sayar miki a kuɗin kwalbar man shafawa, da wuya ya zama shi. Galibi wani dutse ne mai laushi da ya yi kama da shi, ko gilashi, ko farin dutse da aka rina. Mai ruwan hodan kuma dangin ƙanƙarar dutse ne da ake samu da yawa a Brazil da Madagaska. Maganar cewa wannan yana jawo soyayya, wancan yana kore baƙin ciki, ba ta da wata madafa. Fata ba ta san sunan dutse ba. Santsi da sanyi kawai take ji. Abin dubawa shi ne a bi gefensa da yatsa, in akwai kaifi ko tsaga ko ɓantare a bar shi, don tsaga tana yanka kuma tana ɓoye datti. A goga shi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle, in launi ya fita rini ne. Na baƙin ƙarfe mara tsatsa ya fi sauƙin wankewa, ba ya fashewa in ya faɗi. Wadda ba ta da ko ɗaya kuma, bayan cokalin shayi da ya ɗan kwana a firji, ko 'yan yatsunta masu tsabta, za su rage mata kumburin safiya daidai gwargwado.

Kumburin safiya na ce, wanda ke sacewa kafin hantsi. Akwai wanda ba shi ba. Idan fuska ta kumbura ta ƙi saɓewa har yamma, ko ƙafafu ma sun tashi, ko fitsari ya ragu ko yana kumfa, abin na iya zama daga ƙoda ko zuciya. Idan gefe ɗaya ne ya tashi yana zafi, a duba haƙori. Kaluluwar da ta yi tauri ta wuce mako biyu ba ta sauka ba, ba a murza ta, likita ake nuna wa. Mai juna biyu kuwa da ta ga fuskarta da hannayenta sun kumbura farat ɗaya, musamman bayan wata na biyar, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi, wannan na iya zama hawan jinin ciki da ke kai wa ga jijjiga. Ta ajiye dutsen, a kai ta asibiti a auna jininta da fitsarinta a ranar.