Tsutsar masara: baƙuwar da ta zama ƴar gari

Ƴan uwa manoman Madarunfa, da yawa daga cikinmu mun ga ganyen masara ya huhhuje, zuciyarta cike da kashi mai kama da dussa. Wannan aikin wata tsutsa ce da kakanninmu ba su sani ba.

Asalinta ƙasashen Amurka ne. A farkon shekarar 2016 aka fara ganin ta a Afirka, a kudancin Nijeriya. Masanan cibiyar IITA ta Ibadan suka duba ƙwayoyin gadonta, wato abin da ɗa ke gada daga iyaye, suka tabbatar baƙuwa ce. Binciken da ya biyo baya ya nuna danginta na kusa suna Fulorida da tsibiran Karibiyan. Ya kuma nuna tsutsotsin Afirka sun yi kama da juna ƙwarai, alamar ƴan kaɗan ne suka shigo, suka hayayyafa.

Yaya take yaɗuwa? Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai tashi da dare. In iska ta taimake shi, yana iya cin kilomita 100 kafin gari ya waye. Mace guda tana saka ƙwai kusan 1000. Cikin zafi, wata guda ya isa ƙwai ya zama uwa. Haka ta kai Indiya a 2018, Sin a 2019.

Mu nan, masarar rani ta Jiratawa da bakin gulbin Maraɗi tana ba ta abinci har damina ta faɗi. Tana cin dawa ma.

Mu kula da gadon nan. In muka yi ta fesa magani iri ɗaya, raunana ne ke mutuwa. Masu juriya su rage, su gadar wa ƴaƴansu juriyar, kuɗinmu ya tafi banza.

Saboda haka mu riƙa zagaya gona da sassafe, tun masara tana ƙarama. Mu murtsuke ƙwan da ke manne jikin ganye. Babbar tsutsa tana da ɗigo baƙi 4 kusa da wutsiya. Mu tsince ta. Mu zuba toka ko rairayi cikin zuciyar masara, ko mu fesa ruwan ƴaƴan bedi da marece. In ɓarna ta yi yawa, mu nemi malamin gona kafin mu sayi magani a kasuwa.

Mu kuma yi aikin tare da maƙwabta, don gonar da aka bari ita ke sake cika sauran.