Shirin Ajiye Aiki: A Yanka Buri Daidai Ƙarfi

A ƙa'idar aikin gwamnati a Nijeriya ma'aikaci yakan yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman firamare da na sakandare an ƙara musu zuwa 65 da 40 bisa dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022. Wato ranar sananniya ce tun daga ran da aka ɗauki mutum aiki. Duk da haka mukan ga dattawa a ikilisiyoyinmu da ranar ta zo musu kamar ruwan bazara, ba shiri.

Ba wai ba su da buri ba ne. Burin ne ya yi girma, kuma ƙwaya ɗaya tak: in kuɗin sallama ya fito zan gina gida a ƙauye, in sayi mota ta haya, ko in buɗe gidan kaji dubu. To amma tun dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, tsari ya sake. Ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba kashi 10, ana tarawa a asusu mai sunansa a ƙarƙashin kulawar hukumar PenCom. Ran ritaya ba a damƙa masa kuɗin duka. Wani kaso ne ake ba shi a dunƙule, sauran kuwa wata-wata. Ga shi kuma ba kowace jiha ce ta shiga tsarin ba, a wasu wuraren ma tsoho yakan yi shekaru yana zirga-zirga a kan haƙƙinsa.

Sai kuma kasuwa, wadda ba ta shawara da kowa. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500 a wurare da dama, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. Ku duba mutumin da ya shekara goma yana lissafin motar haya da tsohon farashi. Ko wanda ya zuba kuɗin sallamarsa a kaji, abincinsu ya tashi, ga shi bai taɓa kiwon ko kaza goma ba. Wannan ba ragwanci ba ne, buri ne da aka ɗaure shi tamau a kan adadin naira, naira kuwa ta zame.

A ganinmu gara mutum ya auna burinsa da abin da ido ke gani. Buhun hatsi nawa gidana ke ci daga kaka zuwa kaka? Nawa zan iya nomawa da kaina? Wanda ya ce bana zan ajiye buhu shida na masara da awaki biyu ya fi wanda ya ce zan tara miliyan kaza kwanciyar hankali, domin buhu buhu ne ko farashi ya hau ko ya sauka. Mai son gini ya fara da ɗaki biyu ya rufa kwano ya shiga, maimakon ya kafa harsashin ɗaki takwas ya bar wa ciyawa. Mai sha'awar kaji ya gwada ashirin tun yana bakin aiki, ya ga ko hannunsa na kiwo ne. In damina ta ƙi, ko ciwo ya shigo gida, a rage burin ba tare da jin kunya ba. Lokacin kaka ya dace maigida da uwargida su zauna tare su sake duba lissafin, don sau da yawa ita ce ta san abin da tukunya ke ci.

Akwai kuma batun yini kansa. Mutumin da ya saba fita ƙarfe bakwai shekara talatin da biyar, zaman gindin bishiya yakan karya shi da wuri. Ya sa wa kansa ɗan abin yi kowace safiya: zagaya gona, koya wa jikoki karatu, gaida marar lafiya, da awon hawan jini a kai a kai.

Wanda ya rage masa shekara ɗaya ko biyu, ya je ofishin kamfanin da ke riƙe da fanshonsa tun yanzu. Ya tabbata suna da ranar haihuwar da ke takardar ɗaukarsa aiki sun yi daidai da na katin ɗan ƙasa da na banki, ya kuma duba ko sunan magajin da ya rubuta tun yana saurayi har yanzu shi yake nufi.