Daga Dare Dubu Da Ɗaya Zuwa Cikin Kwamfuta

Malaman da ke ƙwace littattafan hikaya daga hannun ɗalibai, wai ɓata lokaci ne, ya kamata su ji labarin Jordan Mechner, wani Ba'amurke mai tsara wasannin kwamfuta. Daga Dare Dubu Da Ɗaya, wanda mu ma muka sani da Hausa, ya ɗebo mugun waziri da gimbiyar da aka tsare, ya gina wasan Prince of Persia. Wasan ya fito cikin 1989 a kan na'urar Apple II, kuma minti 60 kacal ake ba mai wasa ya ceci gimbiya.

Amma fa sinima ta fi yi masa rana. Tarkuna da ramuka ya gano su ne a Raiders of the Lost Ark na 1981. Da ya zo kan faɗan takobi, sai ya koma ga tsohon fim ɗin Robin Hood na 1938, ya riƙa kwafar motsin Errol Flynn da Basil Rathbone, hoto bayan hoto. Gudu da tsalle kuwa, ƙanensa ya sa wa fararen kaya, ya ɗauke shi da kyamarar bidiyo yana ta tsalle-tsalle, sa'an nan ya zana yariman a kansa.