'Turo min waƙar nan': Yadda waƙoƙi ke yawo daga waya zuwa waya, da abin da ke salwanta a hanya

Idan ka karɓi wayar wani matashi a Kano ko Zariya ko Maraɗi ka duba waƙoƙin da ke ciki, da wuya ka tarar da salo ɗaya. Za ka ga Mamman Shata kusa da Hamisu Breaker, ga begen Annabi, ga gambarar zamani ta DJ AB ko ClassiQ, ga tsohuwar waƙar Indiya, can ƙasa kuma ga Burna Boy ko Rema.

In ka tambayi mai wayar inda ya samo su, amsar ba ta cika wuce biyu ba: ko dai wani ne ya turo masa, ko kuma a wayar wani ya ji, ya ce a tura masa.

Wannan ɗabi'a ta miƙa wa juna waƙa ita ce babbar hanyar da Bahaushe ke sanin kiɗan da bai saba ji ba. Ta ɗaga mawaƙa da dama, ta kuma raya waƙoƙin mutanen da suka daɗe a ƙasa. Sai dai akwai abu biyu da kan faɗi a hanya kafin waƙar ta iso kunnen mai sauraro: sunan mai ita da kuma haƙƙinsa.

Daga Zaɓi Sonka zuwa kaset

Zaɓa wa wani waƙa ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba. Waɗanda suka tashi da sauraron Rediyon Kaduna sun san shirin Zaɓi Sonka, inda mutum zai cike katin gaisuwa, ya jero sunayen 'yan'uwa da abokai, sannan a sanya musu waƙa. Shirin ya yi tasirin da har aka riƙa kafa ƙungiyoyin 'yan zaɓi sonka a garuruwa, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka zama abokai ta hanyar jin sunayen juna a rediyo.

Amfanin irin wannan shiri shi ne mai sauraro ba shi da ikon tsallake waƙa. Wanda ke jiran kalangun Shata dole ya saurari kuntigin Ɗanmaraya Jos, ko kotson Musa Ɗanƙwairo, ko gurmin Haruna Uji, kafin a zo kan tasa. A haka kunne ya saba da kiɗa iri-iri.

Da kaset ya yawaita, sai zaɓin ya koma hannun mutane. Masu shagon kaset kan naɗa wa mutum waƙoƙin da ya lissafa, samari na haɗa wa 'yanmata, direbobin motocin haya kuma na sanya wa fasinjoji abin da suka ga dama tun daga tasha har a sauka. Mutane da yawa a cikin mota suka fara jin Ɗan Anace yana wasa Shago, ko Barmani Choge da kiɗan ƙwaryarta.

Waƙoƙin waje ma ta wannan hanya suka samu gindin zama. Muryoyin Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi sun shiga gidaje ta sinima da rediyo da kaset, har wasu sha'irai a Kano suka riƙa ɗora begen Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya. Waƙoƙin Sudan kuwa sun biyo hanyar alhazai da 'yan kasuwa da ɗalibai. Alaƙar ma ta fi haka nisa, domin A'isha Falatiya, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi waƙa a Rediyon Omdurman, iyayenta daga Sakkwato suka tafi Sudan.

Zamanin Bluetooth da memori

Shigowar wayoyi masu ɗaukar katin memori ta sauya komai. Tura waƙa ya daina buƙatar kaset ko rediyo mai baki biyu, wayoyi biyu kawai za a haɗa ta Bluetooth. Daga baya Xender ta zo, ta rage lokacin turin zuwa 'yan daƙiƙoƙi, kuma ba ta cin data.

A nan ne aka samu sabuwar sana'a ta masu turi, waɗanda ke zama da kwamfuta a bakin kasuwanni da tashoshin mota da wuraren cajin waya. Mutum zai miƙa memorinsa ya ce a zuba masa na gargajiya, ko na soyayya, ko bege, ko kuma ya ce a haɗa masa duka. Sau da yawa mai turin ne ke yanke hukuncin abin da zai shiga, don haka ɗanɗanonsa kan zama ɗanɗanon unguwa guda.

Ƙarfin wannan hanya ya fito fili a 2009, lokacin da wata kotu a Kano ta haramta sauraro da yaɗa wasu waƙoƙin Hausa 11. Ana iya hana gidan rediyo sanya waƙa, ana iya kwashe faifai daga shago, amma babu mai iya bin wayoyin jama'a ɗaya bayan ɗaya. Waƙoƙin sun ci gaba da yawo daga hannu zuwa hannu.

Waƙar da ta tashi daga Sakkwato ta kai Amurka

Labarin Mdou Moctar, makaɗin jita Buzu daga jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, ya isa misali kan nisan da turi ke kai waƙa.

A 2008 ya je Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar. Da harshen Buzaye ya rera waƙoƙin, amma an sarrafa muryarsa da na'ura irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci. Babu wani kamfani da ya fitar da kundin kasuwa a lokacin. Ta Bluetooth da memori waƙoƙin suka bazu a Nijar, suka tsallaka har arewacin Mali.

A can ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu mai suna Tahoultine. Ya sanya ta a wani kundi na waƙoƙin da ya tsinta a wayoyin mazauna Sahara, wanda kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a faifai a 2011. Amma sai da ya sha nema kafin ya gano mai waƙar, saboda waƙoƙin da ke yawo a waya ba su cika zuwa da cikakken bayanin masu su ba.

Yau Mdou Moctar na kiɗa a manyan taruka a Turai da Amurka, kuma kamfanin Matador ne ya fitar da kundinsa na Afrique Victime a 2021. Turi ne ya fito da shi, amma da ba a bi sawu an gano sunansa ba, da waƙar ta yi suna mai ita yana zaune a gida bai sani ba.

Yanzu manhaja ce ke zaɓa

A yau tura waƙa ya koma WhatsApp da TikTok da Facebook. Tun da WhatsApp ta ɓullo da sitatus a 2017, ɗan guntun waƙa na daƙiƙa 30 ya zama hanyar da mutum ke bayyana halin da yake ciki, ko soyayya, ko ɓacin rai, ko habaici. Daga nan ne wani zai biyo ta bayan fage ya tambayi sunan waƙar.

Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta bi wannan hanya a 2020, lokacin kullen korona, sa'ilin da mata suka riƙa ɗora bidiyonsu suna rawarta a gida. Haka ma Love Nwantiti ta CKay, wadda ta fito a 2019 amma sai a 2021 TikTok ta watsa ta duniya.

Sai kuma manhajojin sauraron waƙa. Boomplay ta fara aiki a Najeriya a 2015, kuma takan zo a cikin wayoyin Tecno da Infinix da Itel. Audiomack ta samu karɓuwa sosai a wajen matasa, Spotify kuma ta shigo Najeriya a watan Fabrairun 2021.

Waɗannan manhajoji su ma suna ba da shawara, amma ta hanyar lissafi. Suna duba abin da ka saurara, da abin da ka tsallake, da abin da masu irin ɗabi'arka ke ji, sai su kawo maka makamancinsa. Wanda ya ji waƙar soyayya uku a jere, ta huɗu ma soyayya za a kawo masa. Da wuya lissafin ya ɗauke shi daga Umar M. Shareef ya kai shi ga Narambaɗa.

Mutum kuwa yana iya yin haka, domin ya san wanda yake tura wa. Aboki zai iya ce maka tunda kana son gambarar zamani saboda sarrafa harshe da kirari, to ka saurari Bakandamiyar Narambaɗa ka ji inda abin ya samo asali. Yaya zai iya tura wa ƙaninsa mai son waƙoƙin Aminu Ala karatun Imfirajin Aliyu Namangi, don ya ji yadda rubutacciyar waƙa ke tafiya da ƙafiya da amsa-amo. Irin wannan tsallake daga salo zuwa salo sai wanda ya san ka.

Abin da ke salwanta a hanya

Matsala ta farko ita ce suna. Waƙa kan iso waya da lamba kawai, ko da sunan shagon da aka tura ta, ko da sunan wani mawaƙin daban. Tsofaffin waƙoƙi sun fi shan wahala. Ana liƙa wa Ɗanƙwairo waƙar wani makaɗin fada saboda kiɗan ya yi kama, ana kuma yanke waƙar da ta kai minti 15 a bar minti ɗaya, ba tare da an san wa aka yi wa ita ko a wane zamani ba.

Wannan asara ce babba, domin waƙoƙin fada da na noma da na dambe suna ɗauke da tarihi: sunayen sarakuna da hakimai, da garuruwa, da yunwa da yaƙi da aka yi. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero sun yi shekaru suna rubutu a kan makaɗa da mawaƙan Hausa, Ibrahim Sheme kuma ya jagoranci rubuta tarihin Shata. Amma abin da ke cikin littafi bai cika bin waƙar zuwa cikin waya ba.

Manyan makaɗan kuma sun tafi. Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waɗanda za su iya gyara kuskuren suna ko na tarihi kullum raguwa suke yi.

Matsala ta biyu ita ce kuɗi. YouTube da Spotify da makamantansu suna biyan mawaƙi ne gwargwadon yawan sauraron da aka yi a dandalinsu. Waƙar da aka tura ta Xender ko aka jefa a zauren WhatsApp, ko mutum dubu sun ji ta, ko kwabo ba ya shiga aljihun mai ita. Ga shi kasuwar faifai, wadda a da Ƙofar Wambai ke cika da ita, ta mutu. Shi ya sa mawaƙa da yawa suka dogara da bukukuwa da waƙoƙin siyasa da na sarauta da yabon masu hannu da shuni.

Najeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sanya wa hannu a 2023, wadda ta shafi abubuwan da ake yaɗawa a intanet. Amma doka ba za ta iya tsayawa tsakanin wayoyi biyu ba. Kuma mai sauraro na da nasa uzurin: a farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Wanda ke lissafin kowane megabait zai fi son a tura masa waƙa sau ɗaya ya ajiye.

Yadda za a tura ba tare da an cuci kowa ba

Babu mai cewa a daina turi, domin shi ne ya riƙe waƙoƙin da babu su a kowace manhaja. Amma akwai ƙananan abubuwa da ke hannun kowa.

Idan mawaƙin na da shafinsa na YouTube ko Audiomack, tura adireshin waƙar ya fi tura ita kanta, ko da sau ɗaya ne wanda aka tura wa zai saurara a can. Idan kuma tsohuwar waƙa ce da ke memori kaɗai, gyara sunan kafin turawa ba ya cin minti ɗaya: sunan makaɗi, sunan waƙa, da wanda aka yi wa ita idan an sani.

Yana da kyau a haɗa da dalili. Jimla ɗaya da ke cewa ka saurari yadda 'yan amshi ke karɓa a nan, ko ka lura da yadda ya juya karin maganar nan, ta fi sa mutum ya buɗe waƙa fiye da a jefo masa ita babu magana.

Sannan a san wanda ake tura wa. Akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, akwai kuma waƙar da ta dace da zauren abokai amma ba ta dace da zauren dangi da iyaye da surukai ke ciki ba.

Daga ƙarshe, masu tsofaffin kaset a gida su sani cewa zaren kaset na lalacewa da zafi da ƙura da daɗewa. Mai yiwuwa a cikin akwatin wani dattijo akwai waƙar da babu kwafinta a ko'ina. Kai ta wajen mai kwamfuta a juye, a rubuta sunan makaɗin, a kuma tambayi dattijon abin da ya sani game da ita tun yana raye, shi ne turin da ya fi kowanne amfani.