Na'ura mai faɗin inda jirgi yake

Teku da hamada halinsu ɗaya. Wanda ya ɓata cikinsu, nemansa da wuya.

Tun ƙarshen shekarar 2004, doka ta wajabta wa manyan jiragen ruwa masu zuwa ƙasashe su ɗauki wata na'ura mai suna AIS. Taurarin ɗan Adam ke gaya mata inda jirgi yake. Ita kuma sai ta yi shela ta rediyo: ga sunan jirgi, ga wurinsa, ga gudunsa, ga inda ya dosa. Masu sani kan haɗa irinta da hannunsu, da guntun GPS, da ƙaramar rediyo, da eriya, da batir. Amma ba a kunna ta sai da izinin hukuma.

Akokan ba ta da teku, amma tana bakin hanyar Aljeriya. A shekarar 2013, motoci biyu da suka taso daga Arlit suka lalace cikin hamada. Ƙishirwa ta kashe mutum 92, cikinsu yara 52. Sai ƙarshen watan Oktoba aka gano gawarwakin.

Na'urar jirgi ba ta da amfani a rairayi, don babu mai sauraronta can. Salula ma in an yi nisa da gari sai ta yi shiru. Abin da ke aiki shi ne GPS da wayar tauraro irin Thuraya.

Direba ko makiyayi, kafin ya tashi, ya faɗa wa dangi hanyarsa da ranar isarsa. In ranar ta wuce shiru, a gaya wa jandarma nan take. Kada a jira gobe.