Dillalin Jarumai: Wa Ke Nemo wa Ɗan Fim Aiki?



Da yawanmu muna kallon fina-finan Amurka da Ingila, amma ba kasafai muke tambayar yadda jarumi ya samu shiga fim ba. A can, ɗan wasa ba ya bin ofisoshin furodusoshi yana roƙon a saka shi. Akwai kamfanonin da ba su da wata sana'a sai wakiltar 'yan wasa. Ma'aikacin kamfanin da ke kula da jarumi shi ake kira wakili ko ejan. Kusan dillali ne irin na kasuwa, sai dai shi ba saniya yake tallatawa ba, basirar mutum ce hajarsa.

Sana'ar ta daɗe. An kafa kamfanin William Morris a birnin New York tun 1898, shi kuwa Creative Artists Agency an kafa shi a Los Angeles a 1975.

To, me wakili yake yi wa jarumi?

Na farko, nemo masa gwaji. Idan za a shirya fim, masu zaɓen 'yan wasa sukan aika wa kamfanonin wakilai bayanin irin mutanen da suke nema, misali saurayi ɗan shekara 18 mai iya gudu. Sai wakili ya duba mutanensa, ya tura hoton wanda ya dace da ɗan guntun bidiyon wasansa. Idan an gamsu, sai a kira shi gwaji.

Na biyu, ciniki. Idan jarumi ya ci gwaji, wakili ne zai zauna da masu fim a daidaita kuɗi, da yawan kwanakin aiki, da masauki, har da wurin da za a rubuta sunansa a fosta. Sabon ɗan wasa, saboda ɗoki, yana iya sa hannu a takardar da za ta cuce shi. Wakili kuwa ya san farashin kasuwa.

Na uku, shawara. Ba kowace rawa ake karɓa ba. Idan kullum ɓarawo kake fitowa, ba za a ƙara ganinka a matsayin likita ba. Wakili nagari yana hangen shekaru masu zuwa, ba kuɗin yau kaɗai ba.

Ga misali. John Boyega ɗan asalin Nijeriya ne da aka haifa a Landan a 1992. Ya koyi wasa a makarantar Identity, wadda Femi Oguns, shi ma ɗan asalin Nijeriya, ya buɗe a 2003. Oguns yana da kamfanin wakilci, kuma shi ya zama wakilin Boyega. A 2011 Boyega ya ja wani fim na Ingila mai suna Attack the Block. A 2013 ya fito a matsayin Ugwu a Half of a Yellow Sun, wanda aka ɗauka a Kalaba. Sai a 2015 ya fito a matsayin Finn a Star Wars: The Force Awakens, bayan ya shafe watanni yana gwaji. Kun ga hawa-hawa aka yi. Wakili ya buɗe ƙofa, amma Boyega ne ya shiga ya nuna abin da ya iya.

Yanzu ga abin da nake so kowa ya riƙe. Wakili ba ya karɓar ko sisi kafin aiki. La'ada yake ci, kuma a Amurka yawanci kashi 10 ne cikin 100 na abin da aka biya jarumi. Idan an biya dala 5,000, nasa dala 500 ne. Idan babu aiki, shi ma ya tashi a tutar babu. Shi ya sa yake dagewa, domin cin jarumi shi ne cinsa. A jihar Kalifoniya ma sai da lasisin gwamnati ake wannan sana'a, kuma doka ta hana wakili karɓar kuɗin rajista.

A Kannywood tsarin ya ɗan bambanta. Yawanci matashi yana shiga ne ta hannun ubangida ko kamfanin shirya fim, irin FKD na Ali Nuhu. Amma darasin la'ada ya shafe mu. Wani zai iya turo saƙo a Facebook ko WhatsApp ya ce shi ejan ne, a turo masa kuɗin fom ko hotuna zai saka mutum a fim. Wanda ya fara da neman kuɗinka ba wakili ba ne, ɗan damfara ne. Kada ka tura kuɗi, kada ki tura hoto, kada kuma a je ganin kowa a ɓoye. A gaya wa iyaye ko malami nan take.

Mai sha'awar wasan kwaikwayo ya fara da kulob ɗin dirama na makarantarmu, ya kuma riƙe karatunsa da kyau. Ai ko takardar yarjejeniya sai mai ilimi ke gane abin da ke cikinta.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida, Aji Biyu